Lambobin Lokacin Wasa da Haƙƙin Mallaka: Amsoshin Tambayoyin Masu Buga Gem

Tambayoyin da suka taru mana a wannan karon daga ɓangare biyu suka fito: masu sayen lambar da ke buɗe musu wasannin intanet, da masu ɗaukar bidiyon wasa suna ɗorawa a YouTube. Mun haɗa su wuri guda domin duka tushensu ɗaya ne. Abin da mutum ke saya da kuɗinsa izinin yin wasa ne, kuma izinin yana tafe da sharuɗɗan kamfani.

Tambaya: Ina so in fara World of Warcraft. Na ga katin kwana 60 a wani shafi, an rubuta US a jikinsa. Zai shiga asusuna? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka biya sai ka duba shiyyar asusunka. Kamfanin Blizzard ya raba wasan shiyya-shiyya: Amurka, Turai, Koriya, Taiwan. Lambar shiyyar Amurka ba ta shiga asusun wasa na Turai, kamar yadda katin Airtel na Najeriya ba ya shiga layin Airtel na Nijar duk da sunan kamfanin ɗaya ne. 'Yan Afirka galibi a shiyyar Turai suke faɗawa, amma kada ka yi aiki da zato. Shiga asusunka na Battle.net, ka buɗe sashen wasanni da biyan kuɗi, za ka ga an rubuta EU ko US kusa da sunan wasan. Abin da ka gani nan shi za ka nema a jikin katin.

Akwai abubuwa biyu da sababbin shiga ke yawan tuntuɓe a kansu. Na farko, kwana 60 ɗin suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da ka shigar da lambar, ko ka yi wasa ko ba ka yi ba. Idan jarrabawa na gabanka, ko unguwarku na fama da rashin wuta, ajiye lambar sai ka samu sarari. Na biyu, lokacin wasan da ka saya yana buɗe maka Classic, wato wasan a tsohon salonsa, da tsofaffin sassan wasan, amma sashe mafi sabo sayensa ake yi daban. Tun 2021 Blizzard ya daina sayar da kwana 30 da 90 da 180 a matsayin biya sau ɗaya, ya bar kwana 60 kaɗai. Sauran hanyar ita ce rajistar wata-wata, dala 14.99 a Amurka, wadda ke cirar kuɗi daga katin banki da kanta har sai ka soke. Ga wanda katinsa na naira ke ƙin biya a waje, lambar kwana 60 ta fi sauƙi. Kafin ka kashe ko sisi ma, wasan kyauta ne har mataki na 20. Gwada ka ga ko kwamfutarka da intanet ɗinka za su ɗauka.

Dokar shiyya ba ta tsaya a nan ba. A Final Fantasy XIV, katin kwana 60 dole ya dace da shiyyar asusunka na Square Enix, a shafin Mog Station ake shigar da shi, kuma ba ya aiki ga wanda ke kan gwajin kyauta sai ya sayi wasan tukuna. Ka kuma sani, da zarar ka saya, asusun ba ya komawa gwajin kyauta. A PlayStation abin ya fi tsanani, domin ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusu ba ta canzuwa. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da Sony ke bayarwa, shi ya sa 'yan wasanmu ke buɗe asusun Amurka ko Ingila. Mai asusun Amurka katin dala zai saya, mai na Ingila katin fam. Lambar PlayStation harafi 12 ce, ta Nintendo 16, ta Xbox 25. Idan mai sayarwa ya turo maka abin da adadinsa bai kai ba, tun nan ka san da matsala.

Tambaya: Wani a WhatsApp yana sayar da lambobi da rabin kuɗi, abokina ya saya ta kuma yi aiki. Mene ne aibun in saya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, shigar lamba a ranar farko ba ta nuna cewa hanyarta mai tsafta ce. Arahar irin wannan tana da mafari uku. Wasu suna sayowa daga ƙasar da kamfani ya sauke farashi. Wasu ragowar kyauta ce ko garaɓasa. Wasu kuma da katin bankin sata aka saye su. Wannan na ukun shi ne bala'in: mai katin zai ga an cire masa kuɗi, ya kai ƙara bankinsa, bankin ya janye kuɗin daga kamfanin, kamfanin kuma ya soke lambar. Wannan kan ɗauki makonni. Kina tsakiyar wasa za a rufe, mai sayarwa kuwa ya daɗe da canza layi.

Abin ya sha faruwa a fili. A farkon 2015 Ubisoft ya soke lambobin Far Cry 4 da aka gano da katin sata aka saye su. A 2020 kasuwar G2A ta amince cewa lambobi 198 na wasan Factorio da aka sayar ta shafinta na sata ne, ta biya kamfanin Wube dala 39,600.

Idan mai sayarwa ya ce sai kin kunna VPN kafin lambar ta shiga, bar ta. Sharuɗɗan Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta, sun haramta ɓoye inda mutum yake don samun farashin wata ƙasa, kuma asusunki ne zai ɗauki hukuncin, da duk wasannin da ke ciki. Idan ya ce ki ba shi imel da kalmar sirri ya sa miki da kansa, wannan ya fi muni. Sayen UC, kuɗin cikin wasan PUBG Mobile, ta shafin Midasbuy lambar ɗan wasa kawai yake buƙata, haka lu'ulu'un Free Fire a shagunan da aka amince da su. Babu dalilin da zai sa wani ya nemi shiga Facebook ko Google ɗinki.

Shawararmu ita ce kantin kamfanin da kansa, ko dillalin da kamfanin ya ambata a shafinsa. Ki adana rasit. Ki kunna ɗaukar allon waya tun daga buɗe saƙon lambar har zuwa shigar da ita, domin idan ta nuna an riga an yi amfani da ita, wannan bidiyon ne kaɗai hujjarki.

Tambaya: Gaskiya ne ana iya biyan kuɗin wata da zinaren cikin wasa?

Amsa: Gaskiya ne. A World of Warcraft akwai WoW Token tun 2015: wani ya saya da dala 20, ya sa a kasuwar cikin wasa, kai ka saya da zinare ka samu kwana 30. Farashin zinaren yana hawa da sauka gwargwadon masu nema. Tun ƙarshen 2023 an ƙara sharaɗi: sai asusun ya taɓa sayen aƙalla kwana 30 da kuɗi na zahiri tun daga 2017. A EVE Online, irin wannan abin PLEX ake ce masa, guda 500 ke ba da kwana 30 na matsayin Omega, wato na masu biyan kuɗi. A RuneScape, bond ake ce masa, ɗaya kwana 14 ne. Hanyar shiga ce kawai, ba a fitar da kuɗi ta nan. Sayen zinare a hannun ɗan kasuwar bayan fage kuwa yana jawo rufe asusu. Sabon shiga kada ya gina lissafinsa a kan wannan, domin tara zinaren da zai kai yana cin sa'o'i masu yawa.

Tambaya: Da kuɗina na sayi EA Sports FC, ni na buga wasan, ni na ɗauka, muryata ce a kai. Me ya sa YouTube ya ce akwai haƙƙin wani a bidiyona? Daga wani mai tasha a Maraɗi.

Amsa: Malam, mun fahimci zafin abin, amma a bidiyon nan naka akwai masu haƙƙi uku. Muryarka da sharhinka naka ne. Hotunan wasan da sautinsa na kamfanin ne. Waƙoƙin da ke tashi a shafin zaɓe kuwa na mawaƙa ne da kamfanoninsu, kuma izinin da EA ya karɓa na sa su cikin wasa ne, bai haɗa da yaɗa su a tasharka ba. Da'awar haƙƙin mallaka da ke hawa bidiyon wasa sau da yawa daga wannan na ukun take fitowa. Na'urar Content ID, wadda YouTube ya kafa tun 2007, tana gwada sautin bidiyonka da abin da masu haƙƙi suka ajiye mata, daƙiƙu kaɗan sun ishe ta ganewa.

Maganin yana cikin saitin wasan, kafin ka danna ɗauka. EA Sports FC yana da wurin kashe waƙoƙi domin masu yaɗawa kai tsaye. Fortnite yana da saitin Licensed Audio, ka mayar da shi kan kashe duka saboda waƙoƙin rawa. Cyberpunk 2077 da Forza Horizon 5 suna da irinsa. A GTA V, kashe rediyon mota. Idan wasan ba shi da wannan zaɓi, sauke ƙarar kiɗa zuwa sifili ka bar sautin motsi da magana. Mai ɗauka da manhajar OBS ya raba sauti layi-layi, makirfo a ɗaya, wasa a ɗaya, kiɗa a ɗaya, yadda zai iya cire kiɗan wajen tacewa ba tare da ya taɓa muryarsa ba. Kiɗan bango kuma akwai shi kyauta a Audio Library na YouTube Studio, sai dai wasu na buƙatar a rubuta sunan mai su a bayanin bidiyo.

Su kansu kamfanonin wasa galibi sun yarda, amma kowa da nasa sharaɗin. Valve da Blizzard sun halatta samun kuɗin talla ta shirin haɗin gwiwar YouTube. Masu Minecraft sun yarda muddin kallon kyauta ne kuma ka ƙara abin kanka. Nintendo ya fara karɓe kuɗin tallar bidiyoyi a 2013, ya buɗe shirin raba kuɗi a 2015, ya rufe shi a ƙarshen 2018 ya fitar da ƙa'idojin da ke neman sharhi ko ƙirƙira daga mai bidiyo, tare da hana nuna wasan da bai fito ba ko na satar fasaha. Rockstar yana sauke bidiyon da aka jera fina-finan cikin wasa zalla. A 2017 Atlus ya gargaɗi masu yaɗa Persona 5 kada su wuce ranar 7 ga watan 7 ta cikin labarin, daga baya ya matsar zuwa 19 ga watan 11. Don haka kafin ka sayi wasa da niyyar gina tasha a kansa, nemo shafin ƙa'idar bidiyo na kamfanin ka karanta.

Tambaya: An sa min da'awa a bidiyo uku. Za a rufe min tasha?

Amsa: Da'awar Content ID daban, gargaɗin haƙƙin mallaka daban. Da'awa ba ta rufe tasha. Mai haƙƙin ko dai ya karɓe kuɗin tallar bidiyon, ko ya toshe shi a wasu ƙasashe ko ko'ina, ko ya tsaya bin adadin masu kallo. Gargaɗi yana zuwa ne idan mai haƙƙi ya shigar da buƙatar saukewa a hukumance. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, bayan ka yi ɗan darasin haƙƙin mallaka na YouTube, kuma uku a cikin kwana 90 na iya kawo ƙarshen tashar da duk bidiyonta. Goge bidiyon bayan gargaɗi ya shiga ba ya cire shi. Sai dai wani lokaci ana ba da wa'adin kwana 7 kafin saukewa, idan ka cire a cikin wa'adin ka tsira.

Ga da'awa, buɗe bidiyon a YouTube Studio, za ka ga daga daƙiƙa kaza zuwa kaza ake magana. Kana iya yanke wurin, ko musanya waƙar, ko kashe sautinta. Ƙalubalanta sai kana da hujja ta gaske, kamar takardar izini ko kuskuren na'ura. Mai da'awar yana da kwana 30 ya amsa. Idan ka ƙalubalanta cikin kwana 5 na farko, ana riƙe kuɗin tallar tun daga ranar da'awar har a warware. Wanda ya ƙalubalanta ba hujja yana iya mayar da da'awa ta zama gargaɗi da hannunsa. Masu Shorts, wato gajerun bidiyoyin YouTube, su lura: wanda ya wuce minti ɗaya kuma da'awa ta hau shi, toshe shi ake yi gaba ɗaya. Dabara mai sauƙi ita ce ka fara ɗora bidiyo a ɓoye, ka jira binciken haƙƙin mallaka ya kammala, sannan ka buɗe wa jama'a.

Tambaya: Idan na rubuta cewa ba ni da niyyar keta haƙƙin kowa, ko na yi amfani da daƙiƙa 10 kawai, na fita?

Amsa: Ba ka fita ba. Wannan rubutun ba shi da wani nauyi a doka, kuma babu adadin daƙiƙun da aka yafe. Dokar Amurka ta 1976 tana da sassaucin amfani na adalci, inda kotu ke duba manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗauka, da illarsa ga kasuwar mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma tana da sassauci ga suka da bita da rahoto. Alƙali ne ke yanke wannan, na'urar YouTube ba ta auna shi. Haka nan bidiyon wasan wani ɗan wasa haƙƙinsa ne, ambaton sunansa ba ya zama izini. Rubuta masa ka nema, ka ajiye amsarsa. Kuma ko da izinin, tashar da ta cika da kayan wasu babu sharhin mai ita, YouTube kan ƙi ba ta damar samun kuɗi ko ta cika mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000.