Kafin ka sake tayar da na'urar da ke Yamai

Jiya da la'asar ka tambaye ni, yarona: in ka yi wa kanel ɗin Linux gyara, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta yaya za ka gwada shi a kan sabar, wato kwamfutar da ke Yamai, kai kuwa kana nan shagonmu a Maradi? Na ji daɗin tambayar, domin ni sai da na sha wuya na koya.

Shekarun baya na ɗora sabon kanel a na'urar wani da muke yi wa aiki, na ce ta sake tashi, na zauna jira. Shiru. Ashe ban saka direban katin sadarwa ba, wato ƴar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Na'urar ta tashi, amma kurma ce, SSH, hanyar da muke shiga na'ura daga nesa, ba ya isa gare ta. Da asuba na shiga motar Yamai, sama da kilomita 600, mutane kuwa aikinsu ya tsaya yini guda saboda ni. Har yau abin yana damuna.

Fara gwadawa nan cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka. Sai dai kayan cikin QEMU ba su ne na waccan na'urar ba, don haka kada ka saki jiki.

Tsohon kanel kuwa, kada ka kuskura ka goge shi, shi ne hanyarka ta komowa gida. A /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB mai zaɓar kanel ɗin da na'ura za ta tashi da shi, ka sa GRUB_DEFAULT=saved, ka yi update-grub, ka kafa tsohon da grub-set-default. Sabon kuma ka kira shi da grub-reboot, wanda ke ba shi tashi ɗaya tak, na gaba na tsohon ne. Ka duba inda /boot yake tukuna: in a kan LVM ko RAID ne, wato tsare-tsaren harhaɗa faifan ajiya, GRUB ba ya iya share alamar da grub-reboot ya sa, sai na'ura ta yi ta komawa kan sabon.

Ka ƙara wa sabon kanel ɗin panic=10, don in ya rikice ya faɗi, bayan daƙiƙa 10 na'urar ta sake tashi da kanta.

Amma abin da ya same ni ba faɗuwa ba ce, panic=10 ba zai cece ni ba. Maganinsa, ka shirya na'urar ta ba kanta umarnin shutdown -r +10, wato ta sake tashi bayan minti 10, da zarar ta tashi. In ka samu shiga, ka ga uname -r ya nuna sabon, sai ka soke da shutdown -c. In ba ka samu ba, ka sha shayinka, bayan minti 10 za ta dawo maka da tsohon.

Saura in ta sandare gaba ɗaya. Nan sai iDRAC in Dell ce, iLO in HP ce, wato abin kashe ta da kunna ta daga nesa, ko mutum a can mai riƙe da makullin ɗakin, wanda ka kira tun kafin ka taɓa komai. Kuma ban yarda ka yi wannan aikin ranar Juma'a ba.

Gobe ka ɗauko tsohuwar kwamfutar nan ta bayan kantar shago. Za ka cire direban katin sadarwa da gangan, ni kuma in riƙe allon madannai a wurina, mu ga ko za ta dawo.