An gayyace ni rawar gargajiyar Sikotilan, ya ake yi a wajen?

Tambaya: Salam. Ina karatu a Gilasgo, wata ƴar ajinmu ta gayyace ni taron rawar gargajiyarsu, ni kuma ban taɓa zuwa ba, tsoro nake kar in je in yi abin kunya. Dan Allah wane tsari suke bi?

Amsa: Wa alaikumussalam ƴar'uwa, kwantar da hankalinki. Da farko ki tambaye ta wanne ne, dan akwai wanda suke ce ma keli, shi wannan sake ne kowa ya faɗa fili kawai, sai kuma na RSCDS, wato ƙungiyar rawar gargajiyar Sikotilan da Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa a nan Gilasgo a 1923, to wannan shi ne mai ƙa'ida sosai.

A mai ƙa'idar nan, yawanci mutum takwas ake yi a rukuni ɗaya, layi biyu suna fuskantar juna. Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar layin nan. Ba a jeruwa sai an sanar da rawar, kuma in za ki shiga daga ƙasan layi za ki tsaya, nesa da makaɗa, kar ki kutsa tsakiya ko sama, suna jin haushin wannan gaskiya ko da ba su faɗa ba. Wanda ke kan gaba zai sauko yana ƙirga mutane, in an ƙirga da ke to shikenan kar ki fita, dan fitarki ta ɓata ma mutum bakwai rawarsu. Haka ma ba a ratsawa ta cikin rukuni, zagayawa ake.

Kowace rawa ana canza abokin rawa, ko miji da mata ba sa manne wa juna duk dare, kuma kowa na iya neman kowa. Na san za ki yi tunanin riƙe hannu da maza. Mace ta yi da mace abu ne da aka saba ƙwarai, amma ki sani ana zagayawa ne, hannunki zai haɗu da na sauran ƴan rukunin, sai ki duba tun daga gida abin da ranki ya natsu da shi, in kallo kawai za ki yi ba wanda zai takura miki.

Da makaɗa sun buga sautin farko maza su ɗan sunkuya mata su ɗan rusuna, a ƙarshe ma haka, sai ki gode ma abokin rawarki a tafa ma makaɗa. In kin ɓata kar ki tsaya cak, nemi wajen da ya kamata ki ƙare ki tsaya. Ki faɗa musu ke sabuwa ce tun farko, za su riƙa nuna miki da ido.

Takalmi mai laushi mara tsini za ki sa, doguwar riga ta isa, amma kar ta riƙa jan ƙasa dan akwai tsalle.