Kawu, Ga Amsar Tambayarku Kan Karen Tagulla na Edinburgh

Kawu, barkanku da warhaka. Saƙonku ya iso, har da hoton da yara suka nuna muku a waya, na ɗan kare na tagulla a kan ginshiƙi, mutane sun yi layi suna shafa masa hanci. Kun tambaya ko bauta masa ake yi, kuma ko mu da muka daɗe a nan mun fara kwana ɗaki ɗaya da karnuka.

Karen nan na san shi sarai, don ta gabansa nake wucewa duk Juma'a in zan je babban masallacin Edinburgh, babban birnin Scotland, da ke titin Potterrow, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. Sunansa Bobby. Yadda mutanen garin ke ba da labari, ubangidansa John Gray mai gadin dare ne, ya rasu a 1858 aka binne shi a maƙabartar cocin Greyfriars. Sai karen ya tare a bakin kabarin. A kore shi ya dawo, ga sanyin ƙasar nan mai ratsa ƙashi, haka ya yi ta yi shekara 14 har shi ma ya mutu a watan Janairun 1872. A 1867, da aka matsa wa karnukan da ba su da lasisi, shugaban birnin William Chambers ya biya masa kuɗin, ya kuma sa aka yi masa abin wuya wanda har yau yana ajiye a gidan tarihin birnin. Mutum-mutumin da kuka gani wata attajira ce, Baroness Burdett-Coutts, ta sa aka ƙera, aka kafa shi a 1873. Wasu masana tarihi na ganin an yi wa labarin ƙarin gishiri, amma 'yan gari sun riƙe shi hannu bibbiyu. Ba bauta ba ce, Kawu, riƙon amanarsa suke yabawa. Shafa hancin kuwa aikin 'yan yawon buɗe ido ne masu neman sa'a, su kansu 'yan garin ba sa so, don hannaye sun goge hancin har ya koɗe yana ƙyalli.

Kare a wurin mutanen nan ɗan gida ne, daga talaka har fada. Sarauniya Elizabeth ta Biyu an ba ta karya mai suna Susan a 1944, ranar da ta cika shekara 18, kuma a rayuwarta ta riƙe irin waɗannan gajerun karnukan da ake kira corgi da Turanci fiye da 30. Ranar jana'izarta, 19 ga Satumba 2022, an fito da biyu daga cikinsu, Muick da Sandy, suna jiran gawarta a fadar Windsor. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai da karenta a lokacin, ta ce mini nan ne hawaye ya ƙwace mata.

Mu kuwa, a cikin gidajen Hausawan da nake shiga a nan da Glasgow, ban taɓa tarar da kare a ɗaki ba. Mun san hadisin mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, mun san an yi rangwame ne ga na farauta da kiwo da gadin gona, kuma babu ko ɗaya daga ciki a bene hawa na uku. Wahalar tana wajen yaran da aka haifa a nan. Ɗana yana shekara 7 ya dawo daga makaranta yana kuka, wai kowa a ajinsu yana da kare sai shi. Ban tsawata masa ba. Na ba shi labarin karen Ashabul Kahfi da ya shimfiɗa hannayensa a ƙofar kogo, na ce masa ka ga, a ƙofa yake. Daga baya muka samo masa kyanwa, kuma gidajenmu da yawa da haka suka raba gardamar.

Abin da ya canja a wurinmu shi ne ƙyama da tsoro. Farkon zuwana, kare na sansana ƙafar wandona sai in koma gida in canja kaya, wani lokacin har in rasa jam'i. Wani malaminmu ne ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuwa bin umarni ne. Wannan ya sauke mini nauyi. 'Yan'uwanmu masu tuƙa tasi su ma sun samo hanya: doka ta hana direba ƙin ɗaukar makaho saboda karen da ke yi masa jagora, don haka suna ajiye tsohon bargo a mota, su shimfiɗa, karen ya kwanta a ƙasa. Jifan kare kuma, irin wanda muka yi muna yara a bayan gari, a nan hukuma na iya shiga maganar, kuma ni kaina yanzu ina jin nauyinsa in na tuna da mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare ruwa da takalminsa.

Dattijuwar nan maƙwabciyata ta san iyakarmu ba tare da mun taɓa sa-in-sa ba. Lokacin da karenta ke raye, in ta hango ni da farar riga ranar Juma'a, sai ta naɗe igiyar karen a hannu ta matsa gefe, mu gaisa. In za ta shigo wurin mai ɗakina shan shayi, a gida take barinsa. Bara da karen ya mutu, kwana uku ba ta buɗe labule ba. Mai ɗakina ta dafa shinkafa da miya, muka ƙwanƙwasa mata ƙofa muka yi mata jaje. Ba mu kira shi ta'aziyya ba, amma mun zauna, ta fito da hotunansa tun yana ɗan kwikwiyo, muka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ku gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.