Amsa ga ɗalibin da zai zo Hof: labarin ƙauyen Mödlareuth

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatu a garin Hof da ke Jamus, amma hankalin Baba bai kwanta ba saboda ya ji garin yana bakin tsohuwar iyakar Jamus ta Gabas, wai har yanzu akwai sojoji da shingen waya. Ka gaishe shi, ka kuma shaida masa cewa iyakar nan ta kau tun 1990, kuma idan Allah ya kawo ka, zan kai ka wani ƙauye da ke arewa da Hof, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba, ka ga abin da ya rage da idonka.

Mödlareuth ƙauye ne na mutane kusan 50, kuma wani rafi mai suna Tannbach, wanda yaro zai iya tsallakewa, shi ya ratsa tsakiyarsa, gefe ɗaya jihar Bavariya, ɗayan kuma jihar Turingiya. Tun 1810 aka kafa duwatsun iyaka a bakin rafin, amma hakan bai hana mutanen zuwa makaranta ɗaya ba, har sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, Bavariya ta shiga hannun sojojin Amurka, Turingiya kuma ta koma hannun Tarayyar Sobiyet, daga baya rafin ya zama iyaka tsakanin Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas. A 1952 aka kafa shingen katako, a 1966 kuma aka gina katangar siminti mai tsawon mita 700, wadda tsayinta ya haura mita 3, shi ya sa sojojin Amurka suka laƙaba wa ƙauyen suna Ƙaramar Barlin, domin shi ma birnin Barlin katanga ce ta raba shi biyu.

Abin da ya fi taɓa ni ranar da na tsaya a gindin hasumiyar masu gadi shi ne jin cewa an hana mutanen gabas ko ɗaga hannu su gaida ɗan'uwan da suke hange a ƙetaren rafi. Duk wanda yake da dangi a Katsina da Maraɗi ya san nauyin wannan.

An buɗe ƙofa a katangar ranar 9 ga Disamba 1989, aka rushe mafi yawanta ranar 17 ga Yuni 1990, aka bar wani sashe ya zama gidan tarihi. Har yau ƙauyen yana ƙarƙashin jihohi biyu, amma kowa yana ƙetare gadar ba mai tambayarsa takarda. Sai dai ka taho da rigar sanyi mai kauri, domin yankin tudu ne, hunturunsa kuma yana da tsanani.