Matan dancehall na Jamaika: ƙarfin hali ne ko tallar jiki?

Tambaya: Ina jin ana yaba wa mawaƙan dancehall mata na Jamaika cewa suna ƙarfafa wa mata gwiwa, amma ni abin da nake gani a bidiyo shi ne matsattsun kaya da kalaman batsa. Ina ƙarfafa gwiwar take?

Amsa: Abin da kika gani gaskiya ne, kuma su kansu mutanen Jamaika sun daɗe suna muhawara a kansa. Dancehall, wani salon kiɗa da waƙa na Jamaika, ya taso ne a ƙarshen shekarun 1970 a unguwannin talakawa na birnin Kingston, inda ake girke manyan lasifikoki a fili a kwana ana rawa, kuma a wancan lokaci makirufo a hannun maza yake, su ne ke siffanta mace yadda suka ga dama. Da mawaƙiya Lady Saw ta fito a shekarun 1990 tana mayar musu da martani da irin bakinsu, sai aka yi mata caa, alhali ba a cika tsawata wa mazan da ke faɗin abin da ya fi nata muni ba. Farfesa Carolyn Cooper ta Jami'ar West Indies tana ganin wannan fitowa 'yanci ce ga macen talaka baƙar fata, wadda aka saba raina jikinta da harshenta. Wasu kuma suna cewa kasuwa ce kawai ke cin moriyar jikin mace, kuma ban ga dalilin watsi da damuwarsu ba.

A nawa ganin, ƙarfin halin ya fi bayyana a inda ba a cika dubawa ba. A 2018 mawaƙiya Spice ta saki hotonta da fatarta ta koma fara fat, masoyanta suka yi ta surutu, daga baya ta bayyana cewa kwalliya ce ta yi da gangan domin ta tona asirin fifita farar fata da ke tura 'yan mata shafa man bilicin.

Labarin Sister Nancy ne ya fi taɓa ni. Ta rera "Bam Bam" a 1982, mawaƙa da dama a duniya suka yi ta ɗibar muryarta suna sakawa a waƙoƙinsu, ita kuwa tana aikin banki a New Jersey ta Amurka, ko sisi ba ta samu ba har shekara 32. Sai a 2014, bayan waƙar ta fito a tallar kamfanin kayan wasanni na Reebok, ta tashi neman haƙƙinta, aka biya ta kuɗin shekara 10, aka kuma ba ta rabin mallakar waƙar.