Zan tafi koyon Jamusanci: wace inshorar lafiya zan saya kafin neman biza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbi a wata makarantar koyon harshe a Jamus, kwas na wata tara, da niyyar in na gama in nemi jami'a. Cikin takardun da ofishin jakadanci ya lissafa akwai shaidar inshorar lafiya. Wanda ke taimaka min da cike takardu ya ce in sayi ta matafiya mai Yuro 30,000, wadda ta fi arha, tunda takardar kawai ake son gani. Abokina da ke jami'a a can kuma ya ce kada in ɓata kuɗina, ɗalibai duk inshorar gwamnati suke shiga. Shekarata 28, kuma ina da asma tun ina yaro. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai ba gaskiyar da ta shafe ka ba ce. Mai cike takardu yana ba ka ƙa'idar wata bizar daban, abokinka kuma yana ba ka labarin halin da shi yake ciki.

Bari mu fara da Yuro 30,000 ɗin nan da kowa ya haddace. Daga dokar bizar Shengen ta 2009 adadin ya fito, wadda ta shafi gajeriyar ziyara, wato zaman da bai wuce kwana 90 ba cikin kowane kwana 180. Dokar ta ce mai neman irin wannan biza ya nuna inshorar da za ta biya aƙalla wannan adadi, ta yi aiki a dukkan ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa, kwanciya a asibiti in ta kama dole, da mayar da mutum gida in ciwo ya yi tsanani ko ya rasu. Da kwas ɗinka na wata biyu ne, da ta wadatar. Wata tara kuwa bizar dogon zama ce, kuma a nan dokar Jamus ce ke magana, ba ta Shengen ba. Akwai ofisoshin jakadancin da kan karɓi inshorar matafiya don watannin farko, shi ya sa masu cike takardu ke ganin aikin ya ƙare da zarar an buga biza. Amma sau da yawa bizar ba ta kai ƙarshen kwas, dole mutum ya je ofishin kula da baƙi na garin da ya sauka ya nemi izinin zama. Jami'in da ke can zai sake duba inshorar, kuma ba dole ba ne ya gamsu da abin da ya gamsar da ofishin jakadanci. Idan ya mayar da kai, ka sayi inshora sau biyu ke nan, ga kuma ranar ganawa da ka yi makonni kana jira ta tafi a banza.

Shi kuma abokinka, abin da ya manta shi ne a wurin dokar inshora ta Jamus ba duk mai riƙe da littafi ne ɗalibi ba. Rangwamen ɗalibai a asusun inshorar lafiya na gwamnati, irin su TK da AOK da Barmer, na wanda sunansa ya shiga rajistar jami'a ne. Mai koyon harshe ba ya ciki. Haka ma wanda ke Studienkolleg, makarantar share fagen da ake tura waɗanda takardar sakandarensu ba ta kai su jami'a kai tsaye ba. Ko da ka faɗa wa ofishin jakadanci cewa kwas ɗin share fagen jami'a ne (kuma ya kamata ka faɗa, domin nau'in bizar ya bambanta da ta mai koyon harshe zalla), ta fuskar inshora hukuncin ɗaya ne: kamfani mai zaman kansa za ka nema har ranar da jami'a ta yi maka rajista.

To a nan aikin yake, domin inshorar masu zaman kansu da ake sayar wa baƙi masu koyon harshe ba iri ɗaya ba ce, kuma arharta ba kyauta ba ce. Abubuwa aka cire har farashin ya sauko. Shafin da aka lissafa abin da ba a biya shi ne ainihin yarjejeniyar, ba adadin da aka rubuta da manyan haruffa a talla ba. Galibin masu arhar kan cire ciwon da mutum ya zo da shi, da cikin da aka ɗauka kafin fara inshorar, da ganin likitan ƙwaƙwalwa, da tabarau, da allurar rigakafi, da gwajin lafiya na wanda ba ya jin komai. Haƙori kuwa, yawanci abin da za su biya shi ne a kashe maka zafin, ba a gyara maka baki ba.

Cikin waɗannan, na farkon ne naka. Ka ɗauka watan Disamba ne, sanyi ya shigo, numfashinka ya fara sarƙewa da dare. Da safe ka je wurin likita. Matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta miƙo hannu tana jiran katin inshora irin wanda 'yan asusun gwamnati ke bayarwa a saka a na'ura. Kai ba ka da shi, takarda ce a hannunka. Za a duba ka, a rubuta maka maganin shaƙa, ka saya a kantin magani da kuɗinka, bayan 'yan kwanaki kuma takardar kuɗin likita ta iso ta gidan waya da sunanka. Kai za ka biya, sannan ka aika wa kamfani rasit ka jira a mayar maka. A takardar nan likita ya rubuta sunan ciwon. Ma'aikacin kamfani na ganin asma zai tambayi yaushe ta fara, yana iya neman bayani daga likitan, shi kuma likita abin da ka faɗa masa da bakinka ya rubuta: tun ina yaro. Idan yarjejeniyarka ta cire tsohon ciwo gaba ɗaya, a nan magana ta ƙare. Kuɗin ganin likita sau ɗaya ɗalibi zai iya jurewa. Kwana uku a asibiti ana ba ka iska kuma wani lissafi ne daban, wanda zai iya cinye guzurin watanni.

Saboda haka ka nemi jimlar da ta yi magana kan tsohon ciwo, ka karanta ta a tsanake. Wasu kamfanoni sun cire shi ɗungurungum. Wasu sun ce ba za su biya maganin yau da kullum ba, amma za su biya in ciwon ya tashi farat ɗaya ba zato. Wasu kuma, masu tsada, sukan karɓe shi da ƙarin kuɗi. A ra'ayina mai asma, ko sikila, ko ciwon suga, ko hawan jini, bai kamata ya sayi abin da ya gaza nau'i na biyu ba, komai arharsa. Ka rubuta wa kamfanin saƙo ka tambaye su ƙarara: ina da asma, in ta tashi min aka kwantar da ni, za ku biya? Ka ajiye amsarsu a rubuce. Abin da wakili ya faɗa maka a waya ba hujja ba ce ranar da kuɗi ya taso.

Za a samu mai ba ka shawarar ka yi shiru kan asmar. Kada ka yarda. Idan fom ya tambayi lafiyarka ka ɓoye, doka ta ba kamfani damar warware yarjejeniyar in gaskiya ta fito, kuma lokacin da take fitowa shi ne lokacin da kake kwance. Abin da ya fi maka shi ne ka tafi da maganin shaƙarka na 'yan watanni a cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likitanka mai ɗauke da sunan maganin na kimiyya da adadin da kake sha, domin sunan kasuwa yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Sauran abin dubawa gajeru ne. Ka ga ko akwai kason da za ka riƙa biya daga aljihunka duk lokacin da ka ga likita, domin akwai jami'an da ba sa son ganin kaso mai yawa. Ka ga ko akwai lokacin jira kafin wasu abubuwa su fara aiki. Ranar fara inshorar ta zama ranar da za ka sauka ko kafin ta, ba ranar fara aji ba. Mutane da yawa kan iso mako guda ko biyu kafin kwas don neman ɗaki, su zauna babu inshora ba su sani ba. Ranar ƙarewarta kuma ta zarce ranar kammala kwas. Takardar shaidar da za ka kai ofishin jakadanci ta nuna sunanka daidai yadda yake a fasfo, da ranakun, da ƙasar da inshorar ke aiki, cikin Jamusanci ko Turanci. Sannan ka tambaya tun kafin ka biya: in an hana ni biza za a mayar min da kuɗina, in kuma bizar ta yi jinkiri za a matsar da ranar farawa? Kamfanonin da suka saba da ɗalibai kan yi duka biyun in ka nuna wasiƙar ofishin jakadanci. Ka kuma riƙe lambobi biyu: 112 don gaggawa, 116117 don likitan da ke aiki da dare ko ƙarshen mako in abin bai kai na motar asibiti ba.

Ga sauran masu karatu da ba Jamus suka nufa ba, kada ku ɗauki wannan bayani ku ɗora a kan wata ƙasa, domin kowace da tsarinta. A Birtaniya, mai kwas ɗin Turanci na wata shida zuwa goma sha ɗaya yana biyan kuɗin lafiya tare da kuɗin biza, fam 776 tun Fabrairun 2024, daga nan ya yi amfani da asibitocin gwamnati na NHS. Wanda ya je a matsayin baƙo na ƙasa da wata shida ba ya biyan wannan, amma in aka kwantar da shi a Ingila za a caje shi kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar. Ostireliya ta wajabta wa mai bizar ɗalibi inshorar lafiyar ɗaliban ƙetare da ake kira OSHC na tsawon bizar baki ɗaya, har da masu koyon Turanci, kuma tsohon ciwo yana da jiran wata 12. A Japan wanda zai wuce wata uku yana shiga inshorar ƙasa ko da makarantar harshe yake, ya riƙa biyan kashi 30 cikin 100 a asibiti. Koriya ta Kudu tana shigar da masu koyon harshe inshorar ƙasa bayan wata shida da isowa, don haka watannin farko sai mutum ya rufe su da kansa. Ofisoshin jakadancin Sifaniya kan nemi inshorar kamfanin da ke da lasisin aiki a ƙasar, marar kason aljihu kuma marar lokacin jira. A Amurka dokar tarayya ba ta wajabta wa mai bizar ɗalibi ta F-1 inshora ba, makarantu ne ke wajabtawa, amma mai bizar J-1 ta shirye-shiryen musaya dole ya nuna inshorar aƙalla dala 100,000 kan kowane ciwo ko haɗari.

Mu koma kanka, domin akwai wani tarko a gaba da ya fi wanda ka tambaya girma. Ranar da jami'a ta ba ka gurbi, ba za ta yi maka rajista ba sai wani asusun gwamnati ya aika mata saƙo cewa ko dai ka shiga, ko kuma ka nemi a ɗauke maka wajibcin shiga. A wannan gaɓar mutum kan duba ya ga abin da yake biyan kamfaninsa bai kai na gwamnati ba, wanda a 2025 ya kama kusan Yuro 140 a wata, sai ya sa hannu a takardar neman a ɗauke masa. Wannan sa hannu ba a janye shi har ƙarshen karatun. Ga mai asma, wannan babbar asara ce, domin asusun gwamnati ba ya tambayar da wane ciwo ka zo, ba ya cire shi, ba ya ƙara maka kuɗi saboda shi. Kati za ka miƙa, likita ya nemi kuɗinsa a wurin asusu, kai kuma ka biya ɗan kaso kaɗan a kan magani. Saboda haka inshorar da za ka saya yanzu ta zama wadda za a iya tsayar da ita ranar da ka shiga ta gwamnati, ba wadda ta ɗaure ka shekara biyu ba.

Sai batun shekaru. Rangwamen ɗalibai yana ƙarewa a ƙarshen zangon karatun da mutum ya cika 30. Wanda ya shiga kafin nan yana iya ci gaba da zama a asusun da ƙarin kuɗi. Wanda kuwa ya fara jami'a bayan ya wuce 30 bai taɓa shiga asusun gwamnati ba, yawanci ƙofar a rufe take gare shi, sai dai ya ci gaba da kamfani mai zaman kansa. Kai yanzu 28 gare ka. Ka haɗa watannin jiran biza, da wata tara na kwas, da jarrabawar harshe irin su TestDaF ko DSH wadda ba kowa ke ci a karon farko ba, da shekarar Studienkolleg in takardunka suka buƙace ta, da jiran zangon da za a buɗe, tunda sau biyu jami'o'in ke ɗauka a shekara, wajen Oktoba da wajen Afrilu, wasu fannonin ma Oktoba kaɗai. Ka ɗauki kalanda ka lissafa wannan tun yau. In ka ga lissafin zai kai ka gab da 30, ka fara darasin Jamusanci inda kake kafin bizar ta fito, ko matakin farko ko biyu ne ka rage, domin kwas ɗin can ya gajarta ka samu zangon da ke gaba.