Game da ciro dayod ɗin DVD don haɗa tocilar leza

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana da tsohuwar na'urar buga faifan DVD ta kwamfuta, kana so ka ciro dayod ɗin leza da ke cikinta, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke fitar da siririn hasken nan, ka dasa a jikin ƙaramar tocila da batir 18650 guda, irin dogon batirin lithiyam ɗin nan da ake caji, don nuna rubutu a allo idan kana yi wa yara darasin yamma. Kuma kana tambaya ko za ka iya jona shi kai tsaye da batirin.

Kada ka jona. Ni ma ta wannan hanyar na fara, a shagon gyaran rediyo na yayana, kuma dayod ukun farko da na ciro duk cikin mako guda suka mutu a hannuna. Kwan tocila iya abin da yake buƙata yake ja daga batir. Dayod ɗin leza kuwa ba ya ƙoshi: da ya ɗan yi zafi sai ya ƙara jan wuta, wutar ta ƙara masa zafi, haka har ya ƙone kansa. Jan dayod bolt 2 da ɗoriya yake aiki da shi, batir 18650 kuma idan ya cika yana ba da 4.2. Ba za ka ga hayaƙi ba, ba za ka ji ƙara ba. Ɗigon zai haska da ƙarfi sau ɗaya, sai ya koma wani ja dishi-dishi kamar ƙaramar fitilar jikin caja, kuma ba ya dawowa.

Na ukun ma ba batir ne ya kashe shi ba. Lokacin hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, irin lokacin da za ka cire rigar sanyi cikin duhu ka ga tartsatsi. Wannan wutar da jiki ke tarawa ta isa ta huda dayod tun ba a kunna shi ba. Tun daga nan ba na taɓa ƙafafunsa sai na fara dafa ƙarfen da ya shiga ƙasa, kuma ba na barin ayan a kansu ya wuce daƙiƙa biyu wajen narka dalma.

To amma a ce ma ka iya haɗin bai mutu ba, a nan ne ainihin damuwata take. Dayod ɗin da ke cikin na'urar nan an yi shi ne don ya ƙona rubutu a jikin faifai. Ƙarfin haskensa yakan kai sama da miliwat 100, na masu saurin bugu har 200. Ka kwatanta da yadda aka kasa leza: aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, kuma ƙiftawar ido, wadda ke zuwa cikin kusan rubu'in daƙiƙa, ta isa kariya. Aji na 3R ya tsaya a miliwat 5. Daga 5 zuwa 500 aji na 3B ne, inda hasken kan yi ɓarna kafin ido ya ƙifta. Ido da kansa yake tattara hasken ya mai da shi ɗan mitsitsin ɗigo a kan fatar da ke can bayansa, wadda ke karɓar hoto, kuma fatar nan ba ta jin zafi. Yaro ba zai yi kuka ba, sai daga baya ya ce yana ganin baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ba sai ka haska masa a fuska ba. Farin allo mai sheƙi, gilashin taga, tayil, ko fuskar agogon hannunka duk suna mayar da haske.

Akwai kuma dayod na biyu a cikin na'urar, na faifan CD, mai nanomita 780 (lambar nanomita ce ke nuna launin haske). Shi kusan ba a ganin haskensa, sai ɗan ja-ja kaɗan, mutum ya ɗauka ya mutu ya leƙa ciki. Wallahi duk lokacin da na tuna na taɓa juya irinsa ina dubawa ban sani ba, sai gabana ya faɗi. Allah ne ya kiyaye ban jona shi daidai ba a ranar.

Abin da nake amfani da shi yanzu, kuma shi nake ba ka shawara, shi ne ɗan mojul, wato dayod ɗin leza da aka riga aka haɗa da kayansa: ja, nanomita 650, miliwat 5 ko ƙasa da haka. Don ɗakin karatu, miliwat 1 ma ya wadatar in ka samu. Jikinsa na tagulla ne, faɗinsa milimita 6, da gilashinsa a gaba da wayoyi biyu a baya. Tambayi masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, ko masu kawo kayan Arduino, wato ƙananan allunan koyon haɗa lantarki. Akwai na bolt 3, akwai na bolt 5, kuma bambancinsu ɗan rezistan da ke bayansu ne, mai rage wutar da ke shiga, don haka ka tabbatar wanne aka ba ka. Ɗauki na bolt 3 ka haɗa da batir AAA guda biyu. Ka ajiye 18650 ɗinka don wani aikin.

Gidan da za ka sa shi kuma, jikin tsohuwar makar allo ya fi tocila daɗin riƙewa. Ka zare audugar tawadar, ka wanke, batiran za su shige a jere. Ka faɗaɗa bakin ya karɓi mojul ɗin, ka ɗan naɗa masa tef ya zauna daram. Makunni ka sa irin na dannawa, wanda da ka ɗaga yatsa sai ya mutu. A kan wannan ba na sassauci, domin tocilar da aka ajiye a tebur tana kunne ita ce yaro ke ɗauka. Kafin ka rufe, saka mita mai auna wuta a layin ka ga abin da yake ja. Nawa suna zama tsakanin miliamf 20 zuwa 30. Gaban mojul ɗin yana murɗuwa, sai ka tsaya daga ƙarshen aji ka murɗa har ɗigon ya tsuke a allo.

In kuma sha'awarka ka koyi yadda ake yi wa dayod linzami da kanka, sayi ƙaramin dayod na miliwat 5 da LM317, ɗan kayan lantarki mai daidaita wuta. Lissafinsa mai sauƙi ne: ka raba 1.25 da ƙimar rezistan, abin da ya fito shi ne iyakar wutar da zai bari ta wuce. Rezista mai om 47 zai ba ka kusan miliamf 27. Sai dai LM317 yana cin nasa rabon, don haka ka ba shi bolt 6 ko sama. Kuma kada ka fara gwaji da dayod ɗin gaske. Jera dayod na gama-gari marasa haske, 1N4007, guda uku a madadinsa, ka auna, in ya yi daidai sai ka cire batir, ka sauke cajin kafasita, mai tara wuta, idan ka sa, sannan ka jona.

Wani ya ce maka ka sayi kore kawai tunda ya fi haske. Gaskiya ne ido ya fi ganin kore, amma ka san yadda aka yi shi. Mai nanomita 532 yana da dayod na 808 a ciki, wanda ke haska wani ƙanƙanin dutse ya fitar da 1064, wani dutsen kuma ya mayar da shi kore. Waɗancan biyun ba a ganinsu, kuma masu araha sau da yawa ba a sa musu matatar da ke tare su. Rubutun jikinsu ma ba abin dogaro ba ne: a 2013 hukumar NIST mai kula da ma'aunai ta Amurka ta gwada tocilolin leza 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na koraye sun saɓa wa ƙa'ida. Irinsu ne aka yi ta haska wa Mohamed Salah a fuska a wasan Masar da Senegal a watan Maris na 2022 lokacin bugun fanareti, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da na ga yara a unguwa suna kwaikwayon abin. Baƙin tabarau na rana ba ya kare ido daga wannan, hasali ma buɗe ƙwayar idon yake ƙara yi.

Tunda ka ce kuna wajen Kurna, ka tuna filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusa da ku. Ko ja ne mai rauni, kada a ɗaga shi sama da dare, kada a haska wa direba ko mai babur. A Amurka tun 2012 haska wa jirgi leza laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 5.

Idan ka sayo mojul ɗin, ɗauki hoton bayansa yadda za a ga lambar da ke kan rezistan ka turo mini kafin ka sa masa batir, sai in gaya maka na bolt nawa ne. Allah ya sa wa karatun yaran albarka.